Bayanin Ci Gaban Ajin Share Fagen Kemistiri ga Masu Shirin Shiga Jami'a

Asabar, 2 ga Agusta, 2025

Yau aka buɗe ajin share fage da ni da abokin aikina mai koyar da lissafi muka daɗe muna shiryawa, domin ɗaliban da suka kammala sakandare, suka rubuta jarrabawar JAMB, kuma suke jiran gurbin karatu a fannin likitanci, haɗa magunguna, injiniyanci, aikin gona da sauran sassan kimiyya. An ara mana aji ɗaya a wata makarantar firamare ta unguwarmu a nan Kano, kuma za mu riƙa zama ranakun Asabar da Laraba har zuwa lokacin da za a dawo daga hutu, daga nan sai mu tsaya a Asabar kaɗai.

Dalilin aikin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin laccar 'yan aji ɗaya. Kwas ɗin kemistiri na farko a jami'a, wato CHM 101, wajibi ne a kan kusan duk ɗalibin kimiyya a zangon farko, kuma tsarin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya cusa abubuwa da yawa a cikinsa: ginin atam, jadawalin sinadarai, yadda atam ke haɗuwa da juna, lissafin mol, dokokin iskar gas, zafin da ke fita ko shiga yayin haɗuwar sinadarai, asid da bes, da kuma alaƙar sinadarai da lantarki. Malamin da ke tsaye gaban ɗaruruwan ɗalibai da makirufo a hannu ba shi da damar komawa baya ya koyar da abin da ya ɗauka an riga an sani tun aji huɗu na sakandare. Duk wanda ya zo da giɓi, da giɓinsa zai shiga ɗakin jarrabawa.

Abu biyu muke son aikin ya haifar. Na farko shi ne ajin kansa. Na biyu kuma wani ɗan littafi ne da za mu riƙa rubutawa babi-babi yayin da muke tafiya, wanda bayaninsa zai kasance da Hausa, amma tambayoyin gwajinsa da Turanci, tunda da Turanci za a tambaye su a jami'a. Yau ba mu koyar da komai ba. Mun ba su gwaji na awa ɗaya, muka ce kowa ya nuna duk matakan da ya bi a kan takarda, ko da bai kai ga amsa ba, domin hanyar da ɗalibi ya bi ta fi amsarsa gaya mana inda matsala take.

Laraba, 6 ga Agusta, 2025

Mun gama duba takardun, kuma abin da muka gani ya sa mun sauya jerin darussan tun kafin a fara. Tambayoyin da suka nemi a kawo ma'ana ko a faɗi doka, kusan kowa ya amsa su daidai, wasu ma kalma bayan kalma kamar yadda suke a littafin makaranta. Dokar Boyle, dokar Charles, ma'anar aisotof, sunayen sinadaran asali ashirin na farko, duk suna nan daram a kansu. Inda aka faɗi shi ne inda aka nemi a yi aiki da lamba. An ce a mayar da 250 cm³ zuwa dm³, sai ga amsoshi iri-iri: 2.5, da 25, har da 250,000, alhali 0.25 ake nema. An ce a raba 6.02 × 10²³ gida biyu, sai wasu suka raba ƙaramar lambar da ke saman goma ita ma, suka sami abin da ba shi da asali. Da yawa kuma sun rubuta amsa tsirara ba tare da ma'auni ba, ba a san ko giram ba ne ko mol.

Ban ga laifin yaran a nan ba. A jarrabawar JAMB ana amsa tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 40 daga cikinsu na kemistiri, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai. Jarrabawa irin wannan tana saka wa mai saurin tuno abin da ya haddace, kuma duk wanda ya yi watanni yana bitar tambayoyin shekarun baya ya koyi gane amsa da ganin siffarta. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, sai dai ba ita ake nema ba a lokacin da malamin jami'a ya ba da tambayar da ba a taɓa gani ba ya ce a warware ta daga tushe. Haka nan kiredit a WAEC ko NECO yana nuna ɗalibi ya bi manhaja, amma ba ya tabbatar da cewa lissafin ya zauna masa.

Saboda haka mun jingine ginin atam, wanda da shi muka so farawa kamar yadda littattafai ke yi. Abokin aikina zai karɓi zaman farko-farko gaba ɗaya ya yi su a kan lissafi zalla: sauya ma'auni, rabo, kashi cikin ɗari, juya fomula don fitar da abin da ake nema, rubuta manyan lambobi da ƙanana ta hanyar goma, da kuma logarizim. Wasu ɗaliban ba su ji daɗi ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce, “Malam, mu fa kemistiri muka zo yi.” Na ce masa ya yi haƙuri zuwa ƙarshen wata, sannan ya yi mana hukunci.

Asabar, 16 ga Agusta, 2025

Sashen lissafi ya kusa kammaluwa. Doka ɗaya muka kafa wadda ba ma sassautawa: ba a rubuta lamba sai da ma'auninta a gefe, a kowane layi, kuma ana soke ma'auni da ma'auni kamar yadda ake soke lamba da lamba. Wanda ya raba giram da giram a kowane mol zai ga da idonsa cewa mol ne ya rage, don haka ba ya buƙatar ya tuna ko ninkawa ake yi ko rabawa. Wannan ɗabi'a kaɗai ta rage kurakurai fiye da duk wani bayani da muka yi.

Kalkuleta ma ta ci mana lokaci. Yawancinsu ba su san amfanin maɓallin EXP ba, suna danna alamar ninkawa da 10 da hannu, kuma idan abin ya zo a ƙasan layin rabawa sai amsa ta kauce da ninki mai yawa. Akwai kuma masu kwafe duk abin da allon ya nuna, lambobi tara ko goma bayan ɗigo, daga awon da aka yi da sikelin da ba ya wuce lamba ɗaya bayan ɗigo. Babi na ɗaya na littafin ya kammala, kuma ya fi yadda muka tsara tsawo.

Asabar, 23 ga Agusta, 2025

Yau muka shiga mol, kuma a ganina duk nasarar wannan aiki ko rashinta a nan take, domin babu wani babi a CHM 101 da ba ya komawa kansa. Kowa a ajin ya san fomular: adadin mol daidai yake da nauyi a raba da nauyin mol ɗaya. Amma da na tambaya mol ɗin mene ne, sai aka yi tsit, daga baya wata ɗaliba ta ce ai nauyi ne. Wannan amsa ita ce tushen rikicin, kuma na tabbata rabin ajin haka suke ɗauka.

Mol ƙidaya ce. 'Yan goro idan suka ce ƙwarya ɗaya, goro ɗari suke nufi, ko manya ne ko ƙanana, kuma kowa ya san ƙwaryar manyan goro ta fi ta ƙanana nauyi duk da adadinsu ɗaya ne. Mol ma haka yake, sai dai adadinsa 6.02 × 10²³ ne, lambar da ake kira da sunan Avogadro, masanin ƙasar Italiya. Tun daga 20 ga Mayu, 2019, an tsayar da ita a 6.02214076 × 10²³ cif, kuma da ita ake bayyana mol a hukumance, maimakon tsohuwar ma'anar da ta dogara da giram 12 na kabon-12, wadda har yanzu ita ce a yawancin littattafan da ke hannun ɗalibanmu. Na gaya musu su san duka biyun, domin ba su san wadda malaminsu zai nema ba, kuma a lissafin da za su yi babu wani bambanci.

Na zo da ƙaramin sikelin dijital, muka auna mol ɗaya na abubuwa uku muka jera a kan tebur. Ruwa giram 18, wanda da ƙyar ya rufe gindin kofin shayi, bai fi cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ƙari ba. Gishiri giram 58.5, ɗan tudu a kan takarda. Sukari giram 342, wanda ya cika kofi har ya zuba. Ɗaliban suka taso suka kewaye teburin, wani ya ɗaga kofin ruwan ya karkata shi yana kallo, ya ce da wuya ya yarda cewa ƙwayoyin da ke cikin wannan ɗan ruwa daidai suke da na wancan tulin sukari. Sai muka lissafa tare: molekul ɗin ruwa atam uku ne, na sukari kuwa atam 45, wato kabon 12, haidurojin 22 da oksijin 11, kuma idan aka tara nauyin atam ɗin, kowane ɗaya nasa ya ninka na ruwa nauyi sau 19. Da ya ga 342 a raba da 18 ya ba da 19, sai ya koma ya zauna.

Aikin gida na ba su daga buhun taki. Fomular yuriya ita ce CO(NH₂)₂, nauyin mol ɗinta giram 60, kuma 28 daga ciki naitirojin ne, wanda ya ba da kashi 46.7 cikin ɗari. Na ce duk wanda gidansu ake noma ya je ya duba abin da aka rubuta a jikin buhun, zai ga 46, sannan ya lissafa kilo nawa na naitirojin manomi ke saya a buhu mai kilo 50. Amsar ita ce wajen kilo 23. Tambaya ta biyu kuma su gwada da amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄, mai nauyin mol 132, su faɗi wanne ya fi ba da naitirojin a kowane kilo.

Laraba, 27 ga Agusta, 2025

Ruwan sama ya hana yawancin ɗalibai zuwa, don haka ba mu shiga sabon darasi ba. Da waɗanda suka iso muka duba aikin gida, kuma kusan duk sun sami kashi 21 cikin ɗari na amoniyam salfet, ban da waɗanda suka manta cewa lamba 2 da ke bayan baka tana ninka duk abin da ke cikin bakan. Mun buɗe zauren WhatsApp inda za mu riƙa tura hoton allo da gajeren bayani na murya bayan kowane zama.

Asabar, 30 ga Agusta, 2025

Daidaita ikweshan, wato layin da ke nuna sinadaran da aka haɗa a hagu da abin da suka haifar a dama, da lissafin da ke biyo bayansa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne taɓa ƙananan lambobin da ke cikin fomula don a sami daidaito. An ba su haidurojin da oksijin su ba da ruwa, sai wani ya ga oksijin biyu a hagu ɗaya a dama, ya gyara H₂O ya koma H₂O₂, yana murna lissafi ya yi daidai. Na tambaye shi ko zai sha abin da ya rubuta, domin wannan shi ne ruwan nan mai kumfa da ake saya a kemis don wanke ciwo. Ƙaramar lamba tana faɗin ko wane sinadari ne, babbar lambar da ke gaba kuma tana faɗin nawa aka ɗauka, kuma ita kaɗai aka yarda a taɓa. Dalilin daidaitawar ma ba ado ba ne: atam ba sa ɓacewa kuma ba sa fitowa daga babu, abin da Lavoisier ya tabbatar da sikeli a Faransa tun ƙarshen ƙarni na 18.

Misalan da muka yi aiki da su na kusa ne. A masana'antar siminti irin ta Kalambaina a Sakkwato ko ta Ashaka a Gwambe, ana gasa dutsen farar ƙasa, CaCO₃, ya rabu zuwa CaO da CO₂, kuma daga nauyin mol, 100 ya ba da 56 da 44, ɗalibi zai iya faɗin cewa kowane tan ɗaya na tsantsar dutsen yana sakin kilo 440 na iskar kabon dayoksaid. Sai kuma gas ɗin girki, inda mol 2 na butan ke buƙatar mol 13 na oksijin kafin ya ƙone sarai. A nan na ɗan tsaya na yi maganar janareta, domin idan oksijin ya gaza, kabon monoksaid ne ke fita, ba shi da launi ba shi da wari, kuma shi ne ke hallaka mutanen da suka kunna inji a cikin ɗaki ko a rufaffen lungu suka kwanta.

Abin da ya fi ba su wahala shi ne gane sinadarin da ke fara ƙarewa. Na ce a haɗa giram 4 na haidurojin da giram 16 na oksijin, wanne zai ƙare? Kusan baki ɗaya suka ce haidurojin, tunda shi ne kaɗan. Da aka mayar da su mol sai lamarin ya juye: haidurojin mol 2 ne, oksijin rabin mol, kuma rabin mol na oksijin ba ya cin fiye da mol ɗaya na haidurojin. Ruwa giram 18 zai samu, giram 2 na haidurojin kuma su yi saura. Wannan tambaya za ta shiga littafin yadda take, domin tana karya al'adar kwatanta giram da giram kai tsaye. Ɗalibin nan da ya yi ƙorafi a farkon wata shi ya fara kawo amsa, kuma bai ce komai ba game da hukuncin da na ce ya yi mana.

Asabar, 13 ga Satumba, 2025

An yi hutun Maulidi, makarantu kuma sun fara komawa, don haka daga yanzu Asabar kaɗai za mu riƙa haɗuwa. Sai yau muka zo kan ginin atam da jadawalin sinadarai. Tarihin na bi shi da sauri, domin sun san shi: Thomson ya gano ilektiron a 1897, Rutherford ya nuna cewa atam yana da ƙaramar cibiya mai nauyi a 1911, Bohr ya kawo tsarin zagaye-zagaye a 1913, Chadwick kuma ya gano niyutiron a 1932. Sanin shekarun yana da kyau, amma ba shi zai fitar da su ba.

Inda na daɗe shi ne jera ilektiron. Tsarin 2, 8, 8 da suka riƙe yana aiki lafiya har zuwa kalsiyam, mai lamba 20, amma da aka zo kan sikandiyam, mai lamba 21, sai ya zama 2, 8, 9, 2, kuma babu wanda ya iya faɗin dalili. An taɓa nuna musu tsarin s, p, d da f a sakandare, sai dai sun ɗauke shi a matsayin waƙar da ake rerawa kafin jarrabawa. A jami'a kuwa daga shi ake farawa, kuma a kansa ake gina bayanin siffar molekul. Mun zana jadawalin a allo muka raba shi gida-gida, suka ga cewa faɗin kowane gida, 2, 6, 10 da 14, shi ne adadin ilektiron da kowane rukuni ke ɗauka, saboda haka mai iya karanta jadawali ba ya buƙatar haddar jerin. Na ambaci kuromiyam da jan ƙarfe a matsayin waɗanda suka saɓa wa tsarin, na ce su sa musu alama.

Game da jadawalin kansa, na fi son su fahimci abin da ya sa aka amince da shi. Lokacin da Mendeleev ya fitar da nasa a Rasha a 1869, ya bar gurabe babu kowa, ya kuma faɗi halayen sinadaran da za su cike su, sai ga galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886 sun zo kusan yadda ya siffanta. Ya kuma sa teluriyam gaban ayodin duk da ya fi shi nauyi, abin da bai sami cikakken dalili ba sai a 1913, da Moseley ya nuna cewa adadin furoton ne ke tsara jerin. Yau sinadaran asali 118 ne a jadawalin. Mun rufe da tambayar da ta dame su tun sakandare, wato me ya sa nauyin kulorin yake 35.5: kusan kashi uku cikin huɗu nasa mai nauyin 35 ne, kashi ɗaya mai nauyin 37, kuma matsakaicinsu ke nan.

Asabar, 20 ga Satumba, 2025

Dokokin gas ba su ɗauke mu lokaci ba, tunda juya fomula ya riga ya zauna. Tarko ɗaya ne ya kama kusan kowa. Na ce iskar gas tana kan digiri 27 na Salsiyas, aka ɗumama ta zuwa 54 ba tare da matsinta ya sauya ba, yaya girmanta zai zama? Suka ce zai ninka biyu. Da aka ƙara 273 aka koma ma'aunin Kelbin, sai ya zama daga 300 zuwa 327, ƙarin kashi 9 cikin ɗari kacal. Na kuma ja hankalinsu kan 22.4 dm³ da suka haddace a matsayin girman mol ɗaya na gas: wannan gaskiya ne a digiri sifili da matsin atmosfiya ɗaya, amma littattafan da ke amfani da matsin bar ɗaya maimakon atmosfiya ɗaya suna ba da 22.7, don haka a duba sharaɗin da tambaya ta gindaya kafin a ɗauko lamba. Babi na huɗu da na biyar suna hannun abokin aikina yana duba lissafinsu.

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Zaman da ya gabata da na yau duk a kan ruwan haɗi, asid da bes muka yi su. Na fara da tambayar wane ne a cikinsu ya taɓa riƙe biyuret, wato dogon bututun gilashi mai famfo da ake auna ruwa da shi ɗigo-ɗigo, da hannunsa kafin makon jarrabawar gwaji ta WAEC. Hannuwan da suka tashi ba su da yawa, kuma wasu sun ce ko a ranar jarrabawar ma rukuni-rukuni aka yi, mutum ɗaya yana buɗe famfo saura suna kwafar lamba. Waɗannan ne za su shiga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a ce kowa ya haɗa ruwansa da kansa.

Kafin kayan aiki su samu mun fara da abin da ke gida. Aka jiƙa zoɓo aka tace, muka zuba a kofunan roba masu haske guda uku. Na farko aka matsa masa lemun tsami, ya ƙara ja ya yi haske. Na biyu aka bar shi yadda yake. Na uku aka ɗiga masa ruwan kanwa, nan take jan ya mutu, ya koma duhu mai ratsin kore. Sai aka riƙa ɗiga lemun tsami a kan na ukun sannu a hankali, yana ɗan kumfa, har jan ya dawo. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, ai haka Inna take sa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami.” Na ce mata abin da ake yi ke nan a taitireshan, wato gwajin da ake ɗiga asid a kan bes har su kashe juna, bambancin kawai shi ne a can ana auna kowane ɗigo. Kanwa tana ɗauke da sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet, kumfar kuwa kabon dayoksaid ce.

Yau kuma wani abokinmu malami ya ara mana biyuret biyu da fifet, wato bututun ɗibar ruwa daidai awo, da ruwan asid da aka riga aka sirka, kowa ya yi da hannunsa, ya koyi karanta ƙasan lanƙwasar ruwa daidai da idonsa, ya kuma ga yadda ɗigo ɗaya ke juya launin metil orenj, rinin da ke yin aikin da zoɓo ya yi mana. A lissafin na hana amfani da fomular nan ta CaVa a kan CbVb da kowa ya haddace, duk da daidai take, domin tana ɓoye abin da ke faruwa, kuma tana watsar da mai ita da zarar tambaya ta sauya fuska. Na ce a bi ta mol: 25 cm³ na sodiyam kabonet mai kaurin mol 0.05 a kowane dm³ yana ɗauke da mol 0.00125, ikweshan ya ce kowane mol ɗaya yana cin mol biyu na asid, don haka ana buƙatar mol 0.0025. Masu son likitanci kuma na ba su ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti, mai giram 9 a kowace lita, suka fitar da mol 0.154.

Rikici biyu suka rage. Har yanzu wasu suna ɗaukar asid mai ƙarfi da asid mai kauri abu ɗaya ne, alhali ƙarfi yana nufin yadda asid ke rabuwa zuwa ayon a cikin ruwa, kauri kuma yawansa ne a cikin ruwan. Na biyu shi ne pH, ma'aunin tsamin ruwa, wanda Sørensen ya ƙirƙiro a Danmak a 1909: da wuya suke yarda cewa pH 3 ya ninka pH 5 tsami sau ɗari, domin ido yana ganin tazarar biyu ce kawai. Wannan logarizim ne bai gama zama ba, kuma abokin aikina zai sake komawa kansa. Dokar zuba asid a cikin ruwa, ba ruwa a cikin asid ba, na sa an rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon farko na littafin.

Asabar, 18 ga Oktoba, 2025

Ajin ya fara raguwa saboda sunaye sun fara fitowa, wasu suna zirga-zirgar tantance takardu, don haka muna gaggawar abin da ya rage. Mun yi oksideshan da ridokshan, wato ridoks a taƙaice, inda wani sinadari ke rasa ilektiron wani kuma ya karɓa. Fitar da lambar oksideshan ba ta ba su wahala ba, sun sami +7 ga manganis a KMnO₄ da +6 ga kuromiyam a K₂Cr₂O₇, amma daidaita ikweshan ta hanyar raba shi gida biyu sabon abu ne ga kusan kowa, kuma zama ɗaya bai isa ba. Don su ga abin a zahiri na tura su marinar Ƙofar Mata su tsaya su kalli zane lokacin da ake ciro shi daga rijiyar baba: yana fitowa da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban ido, domin oksijin ya karɓe ilektiron daga rinin ya mayar da shi siffar da ba ta narkewa a ruwa. Kwanon rufi ma mun yi maganarsa, yadda zinkin da aka shafe shi da shi ke fara lalacewa ya kare ƙarfen da ke ƙasa daga tsatsa.

Mun sake ba su gwaji mai kama da na ranar farko, da lambobi daban. Sauya ma'auni da lissafin mol sun gyaru ƙwarai, sinadarin da ke fara ƙarewa ma haka, amma pH da ridoks suna nan da rauni. Babi bakwai na littafin sun kammala, ana buga su a kwamfuta, kuma alamomin da ke sama da ƙasan haruffa suna ba mai bugun wahala, sai mun bi kowane shafi da ido. Sinadaran kabon mun ɗage su gaba ɗaya zuwa hutun ƙarshen zangon farko, tunda sai a CHM 102 za su gamu da su. Zafin haɗuwar sinadarai da ma'aunin daidaituwa ba mu taɓa su ba tukuna, su ne na Asabar biyu masu zuwa. Waɗanda suka riga suka sami gurbi sun yi alkawarin turo mana jerin darussan da aka ba su da tambayoyin gwajin farko, domin mu gwada su da babobin da muka rubuta kafin a kai littafin wurin ɗab'i.